An Kori Ƙararsa ta Habeas Corpus a Amurka: Kwana Nawa Suka Rage Masa?

Tambaya: Barista, ƙanina yana kurkukun wata jiha a Amurka. Kotun tarayya ta kori ƙarar habeas corpus da ya shigar, wato ƙarar ƙalubalantar halaccin ɗaurinsa. Takardar tana ɗauke da ranar 3 ga Maris, amma sai 17 ga wata ta iso hannunsa. Daga yaushe za mu fara lissafin wa'adin ɗaukaka ƙara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo masa mafita. Lissafi yana farawa ne daga ranar da magatakardar kotu ya shigar da hukuncin a kundin shari'a, ba ranar da wasiƙa ta iso ba. Fursunan da kotun jiha ta ɗaure, wanda ya shigar da ƙara ƙarƙashin sashe na 2254 na dokokin tarayya kan kotuna, kwana 30 yake da su. Na tarayya, mai sashe na 2255, shi ne mai kwana 60, domin gwamnatin Amurka tana cikin shari'ar. Idan 3 ga Maris aka shigar, wa'adin ƙaninki 2 ga Afrilu ne. In ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutun gwamnati, sai ya matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Mako biyu sun riga sun tafi a hanya.

Abin da zai aika bai wuce shafi ɗaya ba: sanarwar ɗaukaka ƙara, da sunansa, da lambar shari'a, da hukuncin da yake ƙalubalanta, da kotun da za a je. Kotun da ta yanke hukuncin ake kai wa. Kada ya tsaya jiran lauya ko kuɗin kotu. Yana iya roƙon a yafe masa kuɗin saboda rashin hali.

Doka ta yi wa fursuna sassauci ɗaya tun shari'ar Houston da Lack a 1988. Ranar da ya jefa takardar a akwatin wasiƙun kurkuku ita ce ranar shigarwa. Sai dai ya bi tsarin wasiƙun shari'a in gidan yana da shi, ya haɗa da rubutacciyar shaida mai sa hannunsa, ƙarƙashin sashe na 1746 (mai matsayin rantsuwa), da ta faɗi ranar da ya miƙa da cewa an biya kuɗin kan sarki. Ke kuwa in kika aika daga waje, ranar da ta isa kotu za a duba.

Ki ja masa kunne sosai a kan wannan wa'adi. A 2007, a shari'ar Bowles da Russell, alƙali da kansa ya ba wani fursunan Ohio kwana 17 na sake buɗe wa'adin ɗaukaka ƙara a inda doka ta ce 14. Mutumin ya shigar a rana ta 16, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 da 4 ta ce ya makara. Ko kuskuren alƙali bai cece shi ba.

In lokaci ya kuɓuce, zai iya neman ƙari cikin kwana 30 bayan cikar wa'adin, wato zuwa 2 ga Mayu, da uzuri karɓaɓɓe. Akwai kuma sake buɗe wa'adi na kwana 14, amma wannan na wanda labarin hukunci bai riske shi cikin kwana 21 ba ne, kuma ya nema cikin kwana 180 da hukuncin ko kwana 14 da samun labari, duk wanda ya riga zuwa. Ƙaninki ya samu a rana ta 14, don haka wannan ƙofar a rufe take gare shi.

Roƙon alƙali ya gyara hukuncinsa ƙarƙashin ƙa'ida ta 59(e) ta kotunan tarayya, in an shigar cikin kwana 28, yana dakatar da lissafin. Roƙon ya sake duba hana takardar izinin ɗaukaka ƙara kuwa ba ya dakatar da komai, kuma nan ne mutane da dama ke faɗawa rami. Izinin dole ne kafin a saurari ƙarar, amma in alƙali ya hana, kotun ɗaukaka ƙara za ta iya bayarwa. Ƙaninki ya aika sanarwar a wannan makon, ya rubuta ranar da ya miƙa, ya ajiye kwafi.