Hilux, F-350 ko Kia Rhino? Amsoshi kan jan tirela mai nauyi

Tambaya daga wani Alhaji mai fataucin masara a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum. Duk mako ina ɗauko masara daga Ejura da Hilux ɗina, amma kayan sun fi ƙarfin bodinta. Masu walda a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, sun ce za su haɗa mini tirela mai cin buhu 40 in riƙa ja. Ƙanena da ke Amurka kuma ya ce in dakata ya turo mini Ford F-350 mai shan dizal. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari mu fara da sikeli kafin mu zo kan mota.

Babban buhun masara kilo 100 ne a baki, kuma ka fi ni sanin cewa na kasuwa yakan haura haka saboda cushe. Buhu 40 ya ba mu kilo 4,000. Tirelar ƙarfe mai aksil biyu da za ta riƙe wannan kaya, ita kanta sai ta doshi tan ɗaya. An kai tan 5 ke nan. Hilux kuwa, wadda ta fi ƙarfi a cikin sababbin, kilo 3,500 Toyota ta yarje mata ta ja, shi ma da sharaɗin tirelar tana da nata birkin. In babu birki, iyakarta kilo 750. Tsofaffi da yawa ba su ma kai 3,500 ɗin ba, ka duba littafin taka.

Akwai kuma lissafin da masu walda ba sa kawowa. Wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela a kan ƙugiyar motarka yake sauka, don haka duk abin da ka ja yana cinye wani ɓangare na abin da bodi zai ɗauka. Sannan akwai iyakar mota da tirela da kaya a haɗe. A wasu samfuran Hilux kilo 5,850 ce. Cire 3,500 na tirela, cire wajen 2,100 na motar kanta, abin da ya rage bai wuce kai da yaron mota da buhu ɗaya ba. Wato ba zai yiwu ka cika bodi ka kuma cika tirela ba.

Na san za a ce maka injin zai ja. Zai ja, ban musa ba. Damuwata gangarar Mampong ce, inda za ka sauko wajen Jamasi da kaya niƙi-niƙi. A can tan 5 ne zai riƙa turo motar da ba ta kai rabin nauyinsa ba. Birki ya yi zafi, ya daina kamawa, tirela ta ture bayan motar a kan kwana. Don Allah, Alhaji, ka janye wannan shawarar ta buhu 40 a bayan Hilux.

To sai F-350. Wannan kam tan 5 ba ya ba ta wahala, don aikin aka ƙera ta: shasi mai kauri, manyan birkuna, giyar ja da ke riƙe mota a gangara, da birkin inji a masu dizal. Amma ga abin da ƙanenka bai gaya maka ba, ƙila don a can ba matsala ba ne. Daga 2011 Ford take sa injin dizal mai lita 6.7 a waɗannan motoci, tare da matatar hayaƙi da tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi. An tsara su ne don man Amurka, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ghana ta sauko da nata ma'aunin zuwa 50 a 2017, an samu ci gaba sosai, amma har yanzu da tazara. Famfon man irin waɗannan injuna ba ya jure ruwa ko datti, kuma ran da ya ci kansa yakan tafi da nozul-nozul gaba ɗaya. Matatar hayaƙin ma tana toshewa in motar ta yawaita zaman cunkoso, irin na Kejetia da Suame. Suame Magazine babu abin da ba a gyarawa, gaskiya ne, amma kayan Hilux a kan kanta suke, na F-350 kuwa sau da yawa sai an aika Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ko a jira jirgi. Motar ɗan kasuwa in ta kwana mako uku a gareji, riba ce ta kwanta.

Ƙara da kuɗin kwastan a Tema, da tarar tsufa in ta haura shekara 10. Ka kuma duba lasinka: ajin B na DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, a kilo 3,000 ya tsaya, F-350 kuwa ta zarce nan.

Da ni ne kai, ba zan sayi ko ɗaya ba. Mai jigilar buhu duk mako babbar mota ƙarama yake buƙata, irin Kia Rhino ko Hyundai Mighty ko Isuzu, wadda kayan za su zauna a kan bayanta, birki ɗaya, inshora ɗaya, kuma kowane makanike daga Ejura har Techiman ya san cikinta. Ka roƙi ƙanenka ya turo kuɗin maimakon motar. F-350 da tirela na wanda yake jan ƙaramar tarakta ne ko injin haƙa rijiyar burtsatse, ya kai wurin aiki ya kwance, ya ci gaba da zirga-zirga da motarsa. In ma ka fi son ka riƙe Hilux ɗin, sa a haɗa maka tirela mai birki, ka tsaya a buhu 15 zuwa 20, bodin kuma ka bar shi kusan fayau.

Tambaya daga wata Hajiya mai kamfanin ruwan leda a Asawase: "Na sayi tirela ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka. A jikinta an rubuta GVWR 7,000. Direbana ya ce tan 7 ke nan, za ta ɗauki jaka 400. Filoginta bai shiga motarmu ba, ya ce a bar shi tunda da rana muke aiki. Haka ne?"

A'a, Hajiya, ko kusa. Allah ya sa kin tambaya kafin a yi lodi. GVWR shi ne iyakar nauyin da aka yarje wa tirelar, kuma Amurkawa da fam suke awo, ba da kilo ba. Fam 7,000 kilo 3,175 ne, kuma wannan adadin har da nauyin tirelar kanta. Jakar ruwa mai leda 30 kilo 15 ce, jaka 400 kuwa tan 6. In tirelar ta kai kilo 800, abin da ya rage miki jaka 150 ne da 'yan kai. Sa a kai ta sikeli ba kaya ki san ainihin nauyinta, sannan ki duba ko motar taku ma an yarje mata jan tan 3.

Filogin nan ba na fitila kaɗai ba ne. Mai baki 7 irin na Amurka, ta cikinsa wutar birkin tirela take bi. Birkin lantarki ne, kuma ba ya aiki sai an sa wa motar wata 'yar na'ura kusa da sitiyari da ke aika masa wuta duk lokacin da direba ya taka. In an bar filogi a rataye, tan 3 ne ke biye da ku ba birki, ba sigina, a titin da yara 'yan makaranta da masu adaidaita ke ratsawa. Ki nemi mai wayarin ɗin mota ya haɗa shi daidai.

Ki kuma sa a duba ƙwallon ƙugiya. Wanda aka fi sa wa Hilux da ire-irenta milimita 50 ne. Tirelolin Amurka masu wannan nauyi bakinsu inci 2 ne, ko inci 2 da 5/16, wato kusan milimita 59. Bakin 59 zai hau ƙwallon 50 ya yi kamar ya kama, rami ɗaya ya isa ya fizge shi. Girman yana rubuce a jikin ƙarfen, dole su zo ɗaya. Sarƙoƙi biyun nan kuma a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, don in ta kuɓuce ta faɗa a kansu. Tayoyi ma ki karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, mako ne da shekarar ƙira. Tayar tirela takan tsufa ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba.

Tambaya daga wani matashin direba: "Yaya, in na ɗan taka a hanyar Konongo sai tirela ta fara lilo hagu da dama. Me ke kawo haka?"

Ƙanena, kayanka sun yi baya. Ka sa wajen kashi 60 cikin 100 a gaban aksil, ka ɗaure su kada su zame, ka cika iskar taya yadda aka rubuta. In lilon ya taso kana tafiya, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Riƙe shi a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, in kana da na'urar birkin tirela ka matsa ta da hannu. Da ta lafa, ka faka a gefe ka sake jera kayan kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya.