Amsa: me gwamnatoci ke yi don ceto kifin trout na teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske gwamnatocin Turai na wani abu kan raguwar wannan kifi. Suna yi, sai dai da sauran aiki.

Kifin a rafi ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara teku ya yi ƙiba, sannan ya hauro gida ya zuba ƙwai. Ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa ita ce kwarkwatar teku da ke yaɗuwa daga kejin kiwon kifin salmon. Takan manne wa ƙananan kifi ta ci fatarsu har ta zama gyambo. Ana danganta rugujewar yawan kifin a yankin Connemara ta ƙasar Ireland a 1989 da ita.

A 2017 Norway ta raba gaɓarta shiyya 13, inda kwarkwata ta yi yawa a rage kiwon salmon da kashi 6 cikin ɗari. Abin da ya ba ni haushi, da salmon da ba na kiwo ba aka fara auna ɓarnar, aka bar trout da ya fi zama kusa da kejin.

Yankin Wales na Birtaniya kuwa, tun 2020 duk trout na teku da aka kama wanda tsawonsa ya wuce santimita 60 dole a mayar da shi ruwa. Denmark ta fi burge ni: ta rushe dam ɗin Vilholt da ke tare wa kifi hanya a kogin Gudenå a 2008, ƙananan kifi suka cika rafin.