Tambayoyinku kan fasaha: Wa'adin shekara "biyar huɗu"

Tambaya: Malam, an turo mana wani rubutu a zaurenmu na WhatsApp, wai kudiri ne na sauya wa'adin mambobin hukumar sufuri ta jihar Jojiya da ke Amurka. Amma abin da na gani shi ne shekara "biyar huɗu". Wayata ce ta rikice? (Wani direba daga Atlanta)

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, Alhaji. Wanda ya turo rubutun ne ke buƙatar gyara.

Na gaji da wannan ɗabi'a ta kwaso rubutu daga PDF a juye shi cikin WhatsApp. A majalisar dokokin Jojiya, idan kudiri zai gyara tsohuwar doka, ba a goge tsofaffin kalmomi: ana ja musu layi ta tsakiya, sababbin kuma a ja musu layi a ƙasa. Da zarar ka kwafe ka liƙa, layukan nan sun tafi, sai tsohuwar kalma da sabuwa su zauna kafaɗa da kafaɗa. To wacce aka soke? Allah masani. Amma haka za a kwana ana gardama a zaure, kowa ya zama lauya, babu wanda ya buɗe asalin takardar.

Ga abin da ke ƙasa. Hukumar tana da mambobi 14, ɗaya daga kowace mazaɓar majalisar wakilan Amurka da ke jihar, kuma 'yan majalisar jiha na yankin ne ke zaɓensu. Wa'adinsu shekara 5 ne, kuma a cikin kundin tsarin mulkin jihar aka rubuta shi. Ke nan kudiri na yau da kullum ba zai taɓa shi ba. Sai kashi biyu bisa uku na kowace ɗaya daga majalisun jihar biyu sun amince, sannan a kai wa jama'a su kaɗa ƙuri'a. Saboda haka duk wanda ya ce maka "an riga an canza", tambaye shi yaushe aka yi zaɓen.

Shiga legis.ga.gov, shafin majalisar dokokin jihar, sa lambar kudirin, buɗe PDF ɗin da kanka. Duba shekarar zaman majalisar, don lambobin kudiri suna maimaituwa, kuma tsohon kudirin da ya mutu tuni yakan farfaɗo a WhatsApp. In za ka tura wa wasu, tura adireshin shafin. Ni ko hoton allo ba na karɓa, sai adireshi. In kuwa dole sai ka rubuta, sa alamar ~ gaba da bayan kalmar da aka soke, WhatsApp zai ja mata layi.

Tambaya: Ni sakatariyar wata ƙungiya ce. Ta yaya Excel zai lissafa mini ranar ƙarewar wa'adin kowane mamba?

Amsa: =EDATE(B2,60) in shekara 5 ne, 48 in 4 ne. Watanni yake ƙirgawa, B2 kuma shi ne gidan (cell) da kika rubuta ranar fara wa'adin. Idan wata doguwar lamba ta fito, kada ki kira ni, Hajiya, mayar da tsarin gidan zuwa kwanan wata.

Tambaya: Na nemi kalma a cikin PDF ɗin rahoton taron hukuma, ya ce babu, alhali ina kallonta.

Amsa: Hoton takarda ne, ba rubutu ba. Ɗora shi a Google Drive, buɗe da Google Docs, sai ka nema. Amma kada ka dogara da shi wajen gane abin da aka soke, koma wa asalin.