Me ya sa ƙwaro ya ci wannan katako ya bar wancan?

Ka tambaye ni me ya sa falankin obeche ke zubar da gari, alhali na iroko da ke jingine da shi ko huda ɗaya babu. To yaro, ajiye zarton ka saurara.

Ƙwaron nan ba katakon yake ci ba, sitacin da ke cikinsa yake bi. Bishiya tana tara abincinta ne a farin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo. Jan cikin kuwa ya daɗe da mutuwa, sitacinsa ya ƙare, a iroko da maɗaci ma har da sinadarin da ƙwari ba sa so. Shi obeche da wuya ka bambance gefensa da cikinsa, ga sitaci, shi ya sa suke rububinsa.

Macen ba ta zuba ƙwai haka kawai. Sai ta ɗan gatsi katakon ta ɗanɗana tukuna. In sitacin bai kai wajen kashi 3 cikin 100 ba, gaba take yi, don tsutsar da za ta ƙyanƙyashe ba ta iya narkar da zallar itace. In abincin kaɗan ne, tsutsar takan daɗe a ciki, abin da za ta gama cikin watanni ya kai ta shekara 2 ko fiye, ta fito 'yar ƙarama, ƙwanta ma kaɗan. In ta samu mai sitaci kuwa, zuriya kan zuriya, har falankin ya koma gari kamar na tuwo.

Sai kuma ƙofofin jikin katakon, waɗanda kake gani in ka yanka shi a gicciye. A cikinsu take saka ƙwan, saboda haka in sun yi mata ƙanƙanta ba ta da hanya. Fenti da banish suna toshe su, amma kada ka ruɗi kanka: wanda ya riga ya shiga yana nan yana ci. Hudar da ka gani ta fita ce, ba ta shiga ba. Abin da ke kashe na ciki zafi ne, digiri 56 na ma'aunin Celsius har tsakiyar katakon na minti 30, ko magani mai ratsawa.

Giginya ce ta saɓa wa sauran bishiyoyi: ita bayanta ne mai tauri, ba cikinta ba, shi ake tsagawa azara.

Gobe in mun je kasuwar katako, duba gefen kowane falanki. Mai farin gefe da yawa kada ya shiga ƙofa ko gadon amarya, a bar shi wa masu zuba kankare. Wannan obechen kuma fitar da shi waje yanzu, kafin ya kai ga sauran.