An sa mini fili a Nassarawa GRA miliyan 250, in saya?

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya rubuto mini cewa an yi masa tallar fili a Nassarawa GRA da ke Kano, ƙafa 100 tsawo 100 faɗi, dillali ya ce naira miliyan 250. Yana so ya san ko kuɗin ya yi daidai.

Alhaji, kai da ke sayar da atamfa ka fi ni sanin cewa kuɗin da aka sa wa kaya daban, wanda aka sallama daban. Haka fili yake. Bar tambayar nawa ake cewa filaye a unguwar. Nemo uku ko huɗu da aka riga aka sayar cikin wata shidan nan, a layin ko maƙwabtansa, waɗanda kuɗi ya shiga hannu. Raba kuɗin kowanne da girmansa. Naka murabba'in mita 929 ne, wato dillali na neman kusan dubu 269 a kan kowace mita. In na maƙwabta sun tashi a dubu 200, ka san inda za ka taya.

Sai ka je da ƙafarka, in son samu ne da damina, bayan an ɗauke ruwa. Filin da ke kan kwana ko bakin kwalta ya fi na lungu daraja. Wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa kuwa, sai ka zuba tifa-tifa na ƙasa kafin a haƙa tushe, kuma daga aljihunka za su fito.

Hanyar da na fi yarda da ita a irin wannan unguwa ita ce lissafi daga baya, domin filaye ba sa yawan sauya hannu a can. Misali, wurin zai ɗauki gidaje huɗu, kowanne a sayar miliyan 150, jimla 600. Cire kuɗin gini, a ce 320, cire la'ada da kuɗin lauya da amincewar zane da ribarka, a ce 100. Saura 180. In don kasuwa za ka saya, kada ka wuce nan. In gidan zamanka ne, ƙarin da ka yi kuɗin sha'awa ne, ka biya da saninka.

Takardu ma kuɗi ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar shaidar mallakar fili, wato C of O, galibi ta shekara 99 ce, kuma ciniki bai kammala ba sai da amincewarsa. Sa lauyanka ya bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Jihar Kano: sunan wa ke kai, shekara nawa suka rage, akwai bashin kuɗin ƙasa, ko an jinginar da shi a banki. In filin gado ne, roƙona kada ka ba da ko kafin alƙalami sai duk magada sun sa hannu.

Ga ciniki mai nauyin wannan, ɗauki ƙwararren mai ƙiyasta kadara da ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, kai za ka biya shi, ba mai fili ba, ya ba ka rahoto a rubuce kafin ka koma wurin dillali.