Cikin IVF da mura mai zazzaɓi

'Yar'uwa, kin tambaya ko mura da zazzaɓin da kike fama da su sun fi haɗari saboda cikinki na dashen IVF ne, wato wanda aka haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti aka dasa a mahaifa. A'a. Da zarar ciki ya kama, ƙwayar cuta ba ruwanta da yadda aka same shi. Abin dubawa shi ne wace iri ce, kuma cikin wata nawa ne.

Mura kan wuce, amma rubela, mai kama da ƙyanda, idan ta kama mace a makonni 12 na farko tana iya jawo wa jariri kurumta ko ciwon zuciya. Ni da na yi zazzaɓi a nawa cikin, gwaji ya nuna maleriya ce. Don Allah ki je asibiti yau, musamman in kin ga ƙuraje, kuma kar ki daina maganin riƙe ciki sai likitanki ya ce.