Mita 20, 19.6 ko 40: wa ya ci tambayar dutsen rijiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata sakandare a Daura. A jarrabawar gwaji ta fiziks an ce an saki dutse daga bakin rijiya, ya yi sakan 2 kafin ya taɓa ruwa, a nemo zurfin. Ni na samu mita 19.6, ƙawata ta samu 20, yawancin 'yan ajinmu kuma 40. Wasu ma cewa suka yi tambayar ba ta cika ba, tunda ba a faɗi nauyin dutsen ba. Tun daga bakin get muke musu har muka rabu, daren nan ban iya karatun kemistiri ba. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ke da ƙawarki hanya ɗaya kuka bi. Masu 40 ne suka yi tuntuɓe, duk da yawansu.

Dutsen da aka saki ba ya sauka da gudu iri ɗaya. Daga tsaye yake farawa, ƙasa tana jansa, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 10 a sakan, kowane sakan. Wannan ƙaruwar ita ce g. (Na kan ji ana kiranta maganaɗisun ƙasa. Ba na son sunan, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa har tuwo yana ja.) Bayan sakan 2 gudun dutsen ya kai mita 20 a sakan. A nan masu 40 suka faɗa rami: sun ɗauki 20 suka ninka da 2, kamar dutsen tun daga bakin rijiya da wannan gudun ya taso. Ai sai dab da ruwa ya kai shi. Ya fara da sifili, ya ƙare da 20, tsaka-tsakinsa 10 ke nan. 10 sau 2, mita 20. Rabin nan da ke cikin fomular s = ½gt² (s nisa ne, t kuma lokaci), wanda ɗalibai ke yawan mantawa, aikinsa ke nan. In kina son ki gani da ido, sakan na farko mita 5 kawai dutsen ya ci, na biyu mita 15.

Tsakaninki da ƙawarki kuwa, takardar tambayoyin ce alƙali. Ke kin sa g a 9.8, ita ta sa 10. Ki koma ki duba ƙarshen tambayar ko shafin farko. A jarrabawar WAEC da NECO an saba rubuta cewa a ɗauki g a matsayin 10, kuma malamai su kan kwaikwayi haka a jarrabawar gwaji. In an rubuta, amsar ƙawarki ake nema. In ba a rubuta komai ba, taki ta fi kusa da zahiri, kuma mai duba takarda mai adalci zai karɓa muddin kin nuna abin da kika ɗauka. Ita kanta 9.8 ɗin ƙiyasi ce. Duniya ba dunƙulalliya ba ce sak, tana kuma juyawa, shi ya sa g ta kai kusan 9.83 a ƙuryar arewacin duniya da ta kudancinta, mu kuma nan ƙasar Katsina da Daura, da muke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, tamu wajen 9.78 ce.

Maganar nauyi ba ta taso ba. In ba iska ta shiga tsakani ba, dutsen niƙa da tsakuwa tare suke isa ƙasa. Galileo ya nuna haka shekaru kusan 400 da suka wuce, kuma a 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira lokaci guda. Amma don Allah kada ku je ku cika rijiyar Kusugu da duwatsu da sunan gwaji. Bokitin ruwa da benen makaranta sun wadatar.

Abin da musun bakin get ba ya nunawa shi ne yadda ake raba maki. A tambayoyin canki-canka amsar ƙarshe ce kawai. A ɓangaren rubutu kuwa ana bin aikin daki-daki: fomula tana da makinta, zuba alƙaluma yana da nasa, sannan amsa tare da ma'auninta. Wadda ta rubuta 20 tsirara, ba mita ba komai, za a rage mata. Wadda ta jera aikinta daidai, kalkuleta ta yaudare ta a layin ƙarshe, za ta tsira da kaso mai tsoka. Ga alama ku alƙaluman ƙarshe kaɗai kuka gwada, ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta ta ina ta bi.

Ni ban hana ɗalibaina tattauna amsoshi ba, na fi ganin fiziks yana zama a kai ta hanyar gardama fiye da ta kwafar allo. Lokacin ne ban yarda da shi ba. Wanda ya fi ɗaga murya shi ake bi a bakin get, ga yunwa ga rana, ga wata takarda gobe. Ku bari sai an gama duka, ku zauna da biro da takarda, kowa ta warware tata a gaban saura. Ki ce da ɗaya daga cikin masu 40 ta faɗa miki nisan da dutsen ya ci a sakan na farko kaɗai.